Makonni huɗu kafin Nowel: me maƙwabtanmu suke yi?

Hunturu ya sauka, hazo na rufe gadar Kennedy da safe, masu shayi na fara ciniki tun asuba, masu babur sun naɗe fuska da rawani. Kogi ya cika da ruwan da ya baro duwatsun Gini tun damina, sai yanzu yake isowa wurinmu. Salati da kabeji da karas sun fara yawa a kasuwa. Duk ɗan Yamai ya san abin da watan Disamba ke ɗauke da shi: ranar 18 bikin Jamhuriya, ƴan lakol su sami konje, ƴan kokowa su shiga fili neman takobi, ranar 25 kuma a rufe ofisoshi saboda Nowel, wato Kirsimeti. To, a kan makonnin da ke gaban wannan rana ta 25 za mu yi magana yau.

Abin da ya kawo maganar, akwai wata tambaya da ke dawo mana a wayar gidan rediyo kusan kowace shekara idan lokacin ya yi. Mai saurare zai kira ya ce: "Wai ni kam, cocin unguwarmu me ya same su? Tun farkon wata kullum da dare sai waƙa da ganga, alhali sallar tasu sai ashirin da biyar." Wani da son sani yake tambaya, wani kuwa daga muryarsa ka san ransa a ɓace yake. Dukansu sun cancanci amsa, don matambayi ba ya ɓata.

Kafin amsar, ku lura da wani abu. Kiristan Yamai ya san kalandar Musulmi kamar tafin hannunsa. Ya san yaushe ake duban wata, ya san goman ƙarshe na azumi, ya san ba a zuwa wurin makanike da ƙarfe ɗaya da rabi ranar Juma'a. Tela ɗan Togo ya san daga tsakiyar azumi ba ya karɓar sabon ɗinki. Mai sayar da abinci ƴar Benin ta san a watan Ramadan sai da yamma za ta ɗora tukunya. Sun san washegarin layya ne ake rabon nama, har sukan tanadi kwano. Ba a lakol aka koya musu wannan ba, zama cikin masu rinjaye ne ya koya musu. Amma idan aka juya tambayar, aka ce wa yawancin mutanen gari su faɗi abu biyu da Kirista ke yi a Disamba, amsar ba ta wuce "suna cin kaji, suna kawo mana shinkafa." A ƙasar da Kirista ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, hakan ba abin mamaki ba ne. Sai dai mu a ganinmu, sanin lokutan ibadar maƙwabci wani yanki ne na haƙƙin maƙwabtaka, kuma a ƙasa za mu faɗi dalili.

Mu fara da Katolika, tunda su ne suka fi tsara abin daki-daki. Shekarar cocinsu ba ranar 1 ga Janairu take farawa ba. Tana farawa ne ranar Lahadi ta huɗu kafin Nowel, wadda ke faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. A 2024 ranar 1 ga Disamba ce, a 2025 kuma 30 ga Nuwamba. Daga wannan Lahadi zuwa daren 24 ga Disamba shi ne lokacin da suke kira Avent da Faransanci. Mu da muka yi kolej da Faransanci, kunne kan ɗauka kalmar "avant" ce, wato "kafin", don furucinsu ɗaya. Asalinta dabam ne: daga Latin "adventus" ta fito, ma'anarta zuwa ko isowa. Lokacin jiran zuwan Almasihu ke nan. Tsawonsa na canzawa da ranar da Nowel ta faɗo. Idan ta faɗo Lahadi, kamar 2022, kwana 28 ne cif. Idan ta faɗo Litinin, kamar 2023, kwana 22 kawai.

Wanda ya leƙa babbar cocin Notre-Dame du Perpétuel Secours da ke tsakiyar gari, ko Saint Gabriel ta Garbado, ko Saint Paul ta Harobanda a hayin kogi, cikin waɗannan makonni, abu na farko da zai gani shi ne launi. Fada, wanda a nan aka fi ce wa "mon père", yana ajiye koren tufafin da ya yi watanni yana sawa, ya ɗauki shunayya. Wannan launi a wurinsu alamar tuba da shiri ne, shi suke sawa kuma a lokacin karem, azumin kwana 40 da ke gaban Ista. Ana rage ado a wurin ibada. Akwai wata babbar waƙar yabo da suke rerawa kowace Lahadi, sunanta Gloria. A makonnin nan ana ajiye ta gaba ɗaya, ba za a sake jin ta a mes na Lahadi ba sai daren Nowel. Wato da gangan suke hana kansu wani abu don ya yi daɗi ranar da ya dawo. Mai azumi ya san wannan hikima, don ya san ɗanɗanon ruwan farko bayan kiran magariba.

Abu na biyu, kyandir huɗu, ko buji kamar yadda muke cewa, a jere cikin wani kambi na ganye. Lahadin farko a kunna ɗaya, ta biyu a kunna biyu, haka har a cika huɗu. Yaro ƙarami ma da ya ƙirga wutar ya san saura mako nawa. Wannan al'ada ba ta daɗe sosai ba, kuma ba daga Katolika ta fito ba. Wani fasto Bajamushe ne, Johann Hinrich Wichern, ya fara ta a 1839 a birnin Hamburg, a gidan da yake renon yara marasa galihu. Yaran sun dame shi da tambayar yaushe Nowel za ta zo, sai ya jera musu kyandirori a kan wani da'irar katako, kullum a kunna ɗaya. Daga baya aka rage su zuwa huɗu, abin ya bazu duniya har ya iso bakin kogin Isa.

Kowace Lahadi kuma da karatunta. Ta farko a kan zama a faɗake ne da tuna ranar ƙarshe. Ta biyu da ta uku a kan Yahaya Mai Baftisma, wanda ya yi wa'azin tuba a jeji. Ta huɗu a kan Maryamu da albishir ɗin da aka yi mata. A duk tsawon lokacin suna yawan karanta littafin Annabi Ishaya. Linjilar da ake bi tana juyawa shekara uku-uku: shekara ɗaya Matiyu, ta biyu Markus, ta uku Luka. Lahadi ta uku ana ɗan sassautawa, ana kiranta Lahadin farin ciki, inda akwai hali fada ya sa tufafi ruwan hoda. Ranar 8 ga Disamba babbar rana ce ta girmama Maryamu. Daga 17 ga wata addu'o'in sukan ƙara ƙarfi, kamar yadda mai tafiya ke ƙara sauri idan ya hango gari. A cikin makonnin ne kuma ake ware ranakun da mutane ke layi su je wurin fada su furta zunubansu, su nemi gafara, a kuma tara abin da za a kai wa marasa lafiya da fursunoni da mabuƙata.

Ƴan majami'un bishara, wato furotesta, tsarinsu ya bambanta. Da yawansu ba ruwansu da launin tufafi ko kyandir. Amma su ma Disamba watan aiki ne. Ƙungiyar mawaƙa na gwaji kusan kullum da yamma bayan an tashi daga aiki. Yara na haddar ayoyi, suna koyon wasan kwaikwayon haihuwar Yesu: wannan makiyayi, wancan mala'ika, a samo ƴar tsana a kwantar cikin komin dabbobi. Zumuntar Mata na fitar da anko, suna koyon sababbin waƙoƙi da Hausa ko Zabarmanci ko Gurmanci. Majami'u da yawa suna yin bikin godiya bayan girbi, a kawo damin gero ko buhun wake ko kaza a gaban jama'a. Ga amsar mai saurarenmu ke nan: waƙar da ganga da yake ji da dare gwaji ne, ana shirin daren 24. Masu yin ta ma'aikata ne da ƴan lakol da ƴan kasuwa, ba su da wani lokaci sai bayan faɗuwar rana.

Daren 24 shi ne ƙololuwa. A al'ada da tsakar dare ake yin babban mes, ko da yake a wurare da yawa yanzu ana matso da shi farkon dare don mutane su koma gida da wuri. A nan ne Gloria ke dawowa, a sa fararen tufafi, a ɗora siffar jariri cikin ɗan kwaikwayon garken da aka gina a gefe, wanda suke kira crèche. Wannan ma tana da tarihi: Fransis na Assisi ne ya shahara da fara ta a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223. Wanda ya taɓa zuwa Wagadugu a Disamba ya ga yadda yara ke gina irinta da tubalin laka a ƙofar gida, su shafa mata fenti. Bikin kuma ba ya ƙarewa ranar 25. Yana ci gaba har farkon Janairu, da tunawa da masanan da suka zo daga gabas, a rufe da tunawa da baftismar Yesu a kogin Urdun. Su ma furotesta da yawa suna kwana a coci daren 31 ga Disamba, suna addu'ar shiga sabuwar shekara.

Ita ranar 25 ɗin, Linjila ba ta ambaci kwanan watan haihuwar ba. Rubutu mafi daɗewa da ke nuna ana bikin a wannan rana daga birnin Rum ya fito, a shekara ta 336. Kuma ba duk Kiristan duniya ne ke yin sa rana ɗaya ba. Kibɗawan Masar da Kiristan Habasha sai 7 ga Janairu, bayan azumin sama da kwana 40 da suke barin nama da madara. Wato ko a cikin gidansu akwai bambancin lissafi, kamar yadda wani lokaci Nijar kan sha ruwa yau, Najeriya sai gobe.

Akwai masu ɗaukar duk wannan kayan baƙi ne, na ƴan bakin teku da suka zo ci-rani. Gaskiya ne da yawa daga cikin masu cika cocin Yamai asalinsu Benin ne da Togo da Burkina da Gana da kudancin Najeriya, wasunsu kuwa a nan aka haifi iyayensu. Amma tarihin ya fi haka tsawo. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka kafa a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja. Daga aikinsu ne cocin EERN ta fito a farkon samun ƴancin kai, kuma da Hausa take yawancin ibadarta. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932. Katolika kuwa sun kafa mishan a Yamai a 1931, ta hannun Fada François Faroud. An ba Maraɗi nata bishop a 2001. Babban bishop na Yamai a yau, Laurent Lompo, Bagurme ne ɗan yankin Makalondi, shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai wannan matsayi. Akwai Kirista Hausawa a Gobir da Arewa, da Gurmawa, da Zabarmawa, da ƴan Dolbel can wajen Tera. Duk wanda ƴarsa ta yi karatu a Mariama, ko aka yi wa mahaifinsa aiki a Galmi, ya san mutanen nan ba jiya suka zo ba.

Mu da muke cikin shekaru talatin da wani abu, muna da wani abin tunawa da ƙannenmu ba su da shi. Kalandar Musulunci ta wata ce, kwana 354, tana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, sai ta zagayo cikin kimanin shekara 33. A 1999 da 2000 azumi ya faɗo cikin Disamba. A 2000 ɗin ma kusan tare aka tafi: Ramadan ya kama a ƙarshen Nuwamba, Avent ya fara 3 ga Disamba, aka yi ƙaramar salla ƴan kwanaki kaɗan bayan Nowel. Muna yara lokacin, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. A ɗakin ƙurya akwai wata mata ƴar Togo da duk yaran gidan ke kira Tanti. Da magariba iyayenmu mata su aika mu da kunu da ƙosai ɗakinta. Bayan isha'i, mazan gida na tafiya tarawihi, ita kuma tana ɗaura kallabi ta tafi gwajin waƙa, a hanya ɗaya, cikin sanyi ɗaya. Ranar 25 ta gama girkinta tun rana, amma ba ta raba ba. Da muka leƙa, sai ta ce: "Ku je, ƴaƴana, sai an sha ruwa. Yanzu in na ba ku, iyayenku za su ji ƙamshi, alhaki a kaina." Kuma kajin, wani dattijon gidan ta kai wa ya yanka, don kowa ya ci hankali kwance. Ba wanda ya rubuta mata wannan doka. Ta san kalandarmu ne, ta kuma girmama ta. In Allah ya kai mu, daga 2031 zuwa 2033 azumi zai sake shigowa Disamba, ƴaƴanmu su ma su ga irin wannan haɗuwa. Tambayar ita ce wane irin gari za su gan ta a ciki.

Don akwai wata ranar da ba ta goguwa. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, washegari Asabar 17 a nan Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa ta rikiɗe ta koma ƙone-ƙone. Mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu. Ƴan sanda sun ƙirga coci 45 da aka cinna wa wuta a Yamai kaɗai. Gwamnati ta sa makokin kwana uku. Kwana shida ke nan da Katolika suka rufe lokacin Nowel na wannan shekara. Fushin da aka yi kan zanen, kowane Musulmi ya san daga inda ya fito. Amma waɗanda aka ƙona wa wurin ibada ba su zana komai ba, jaridar da ta yi zanen ma ta sha yi wa addininsu da Fafaroma irin wannan izgili. Yaron da ya ɗauki galan ɗin fetur bai san wannan ba. A idonsa coci wani gini ne na Nasara, bai san fuskar kowa a ciki ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

A ranar nan kuma an ga ɗaya gefen. An sami Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a cikin ɗakunansu, da waɗanda suka tsaya a ƙofa suka ce ba mai wucewa. Idan ka bi labarinsu, mutane ne da suka san na cikin gidan: sun ci shinkafarsu, sun je sunan ƴaƴansu, sun san ranar da suke ibada. Shi ya sa muka ce sanin kalandar maƙwabci ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya san cewa ƙarar da yake ji da dare Tanti ce da ƙawayenta ke koyon waƙa, da wuya a zo a gaya masa wani abu dabam ya yarda. Wani abin lura, a wannan shekara ta 2015 ɗin, da Disamba ta zo, Mauludi da Nowel a mako ɗaya suka faɗo. Wasu sun yi nasu bikin ƙarƙashin rumfa, kusa da bangon da hayaƙi ya baƙanta.

Tun daga lokacin, ganin jami'an tsaro a ƙofar coci daren 24 ya zama abin da ido ya saba da shi. A yammacin ƙasa kuwa abin ya fi haka nauyi. Ranar 17 ga Satumban 2018 ƴan bindiga suka sace Fada Pier Luigi Maccalli a ƙauyen Bomoanga na yankin Makalondi, ba a sake shi ba sai Oktoban 2020 a ƙasar Mali. Rashin tsaron da ya addabi Tillaberi bai tambayi addinin kowa ba: an kashe limamai, an kashe masu gari, an kashe sojojinmu 71 a Inates ranar 10 ga Disamban 2019. Ƙauyuka sun watse a Torodi da Makalondi, Musulmi da Kirista suka baro gonakinsu. Wasu daga cikin masu kunna kyandir a cocin Yamai a makonnin nan, ƴan gudun hijira ne a cikin ƙasarsu. Idan aka ce musu lokacin jira ne, sun san jiran da ya wuce na kalanda.

Haka Disamban 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, kaya suka yi tsada. Kowa ya ji a jikinsa. Amma ga iyalan da suka saba hawa bas su bi ta Gaya da Malanville su je Nowel wurin kakanni a Kwatano ko Lome, wannan shekara ta zo da nata ciwon. Da yawa a nan suka zauna, suka yi gwajin waƙa da hasken tocilan waya, suka raba kaza ɗaya gida biyu. Talaucin da ya hana wani ragon layya, shi ne ya hana wani kazar Nowel.

Yanzu ga maganar da wasu ke jira mu taɓo. Ba mu ce addinan biyu ɗaya ba ne. Musulmi ya yi imani da Annabi Isa, alaihis salam, Manzon Allah ne, an haife shi ba uba, kuma sura ta 19 a Alƙur'ani sunan mahaifiyarsa Maryam take ɗauke da shi. Kirista ya yi imani da shi a matsayin Ɗan Allah mai ceto, wanda Musulmi bai yarda da shi ba. Wannan bambanci ne na asali, ba wanda zai share shi da murmushi, kuma su kansu Kiristan ba su nemi a share shi ba. Batun ko Musulmi zai ce wa Kirista barka da salla, malamai sun yi magana a kai, sun saɓa, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Gidan rediyo ba ya ba da fatawa. Abin da ba mu taɓa jin malami ya musa ba shi ne haƙƙin maƙwabci: kada ka cuce shi, kada ka tsoratar da shi, ka duba shi in ba shi da lafiya, ka kare dukiyarsa in ba ya nan. Sanin abin da mutum yake yi kuma ba shiga addininsa ba ne. Tanti ta san lokacin shan ruwa, ba ta fasa zuwa cocinta ba.

Mun taɓa tambayar wani dattijo mai koyar da addini a ɗaya daga cikin cocin gari, muka ce: "Baba, cikin duk abubuwan nan, wanne ne ya fi wuya?" Ya yi dariya ya ce: "Ɗana, haƙurin. Yara so suke a kunna kyandir huɗun rana ɗaya. Kasuwa kuma tun Nuwamba take ihu a zo a saya. Aikinmu shi ne mu ce a dakata tukuna." Duk uban da ya yi fama da yaro mai tambayar kayan salla tun goma ga azumi ya gane wannan magana.

To me ake nema a wurin mai saurare? Abubuwa ne ƙanana. In kana da shago ko gareji ko ofis kuma akwai Kirista a ƙarƙashinka, ka san yammacin 24 ga Disamba a wurinsa kamar daren salla ne a wurinka, ka sallame shi da wuri, in da hali ka biya shi kuɗin wata kafin ranar. In kai tela ne a Wadata ko Katako, ɗinkin anko na Zumuntar Mata alƙawari ne irin na kayan salla, kada ranar ta zo kana ɓuya. In kana da taksi, daren nan akwai mata da yara da za su fito coci cikin sanyi, kada ka ninka musu kuɗi. In ƙarar gwajin waƙa ta hana jinjirinka barci, ka je da rana ka sami fasto ko fada ku yi magana, yawanci ana daidaitawa. Su ma ƴan coci, a duba agogo, a rage lasifika idan dare ya yi, a kuma dakata idan masallacin kusa ya tada salla, kamar yadda da yawa suke yi tun da. In ka ji wata jita-jita a WhatsApp game da wata coci a kwanakin nan, ka tambaya kafin ka tura. In yaronka ya tambaye ka me suke yi a can, ka ba shi amsar gaskiya daidai saninka, kada ka bar wani a titi ya ba shi tasa. Zumunta a ƙafa take, maƙwabtaka ma haka.

Ga ƴan'uwanmu Kirista da ke saurarenmu a Yantala da Banifandu da Saga da Harobanda, da na Maraɗi da Damagaram da Dogon Dutsi, da waɗanda suka baro ƙauyukansu suna zaune a gidajen dangi: Allah ya kai ku ranar lafiya, ya mai da kowa gidansa. Ƴan lakol, a yi konje lafiya, a riƙa sa rigar sanyi da safe. Masu hura wuta a ɗaki don jin ɗumi, a kashe gawayi kafin a kwanta, lokacin gobara ne. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, musamman daga cikin ƴan coci, ƙofarmu a buɗe take, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya zaunar da Nijar lafiya. Mu kwana nan.